Jirgin Yaƙi a Rumfar Kafinta: Abin da Yaran Unguwar Gano Suka Koya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara. Da zarar an girbe dawa, yara sukan bi gonaki su kwaso kara, su ɓare bawonsa, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, kafin la'asar sai ka ga an fito da babbar mota mai tayoyi goma ana janta da zare. A cikin birni kuwa, inda kara ya yi wuya, gwangwanin madara da waya da tsohon silifa ne suka maye gurbinsa. Manya sukan wuce su ce wasan yara ne, wani lokaci ma a haɗa da tsawa domin an ɓata riga ko an ɗauki rezar gida.

Wata rana da yamma, a wani lungu na Unguwar Gano, muka iske yara huɗu sun haɗa jirgin sama da kwali da gwangwani. Fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo, jelar kuma ta karkace, amma duk wanda ya duba ya san hannun da ya yi shi ba na banza ba ne. Muka tambaye su ko wane irin jirgi ne wannan. Babbansu ya ce, "Malam, jirgi ne kawai." Amsar nan ta tsaya mana a rai, gama babu jirgin da yake jirgi kawai. Kowanne yana da suna, da tsawo, da faɗi, da dalilin da ya sa aka ƙera shi haka. Sai muka yi shawara da su cewa in an yi dogon hutu za mu sassaƙa jirgi na ainihi, kowane sashe bisa ma'auni, kuma jirgin da ya taɓa sauka a garinmu. Wani dattijo kafinta da ke unguwar ya yarda ya ba mu gefen rumfarsa da aron kayan aiki. Jirgin da muka zaɓa shi ne Hurricane, wanda yaran suka mayar Harikan tun ranar farko.

Me ya kawo Hurricane Kano?

Da yawa daga cikinmu mun san Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, amma kaɗan ne suka san cewa Kano tana kan hanyar jiragen yaƙin nan. A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Bahar Rum ta zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa sojojinta da ke Masar suna bukatar jiragen sama. Zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka takan ci makonni da yawa. Sai aka ɓullo da wata dabara: a zuba jiragen a manyan akwatuna, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙa su su ratsa Afirka zango-zango.

Daga Takoradi sai Ikko, daga Ikko sai Kano, daga nan Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yanzu ita ce Njamena, sai El Geneina da El Fasher a Darfur, sai Kartum, sa'an nan a bi Kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar ta kusa mil 4,000, takan ɗauki wajen kwana shida. Ba don gwamnan Cadi na lokacin, Félix Éboué, wani baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya goyi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta 1940 ba, da hanyar ba ta buɗe ba, gama Nijar da ke arewa da mu tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus.

Ayari na farko ya tashi a watan Satumba 1940: Hurricane shida suna bin wani jirgi mai inji biyu da ake kira Blenheim. Dalilin wannan tsari shi ne, Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka, Blenheim kuwa yana da mai duba taswira, saboda haka shi ne madugu. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya, kuma cikin matuƙansu akwai mutanen Folan da yawa waɗanda Jamus ta mamaye ƙasarsu. Hazo da hadarin damina da ƙarewar mai sun ci wasu a daji. Jamusawa ma sun san darajar hanyar, gama a watan Janairu 1942 wani jirginsu ya ƙetare Sahara ya jefa bama-bamai a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy.

Har wa yau akwai wani abin mamaki. Jiragen sama na farko da suka zo Nijeriya sun sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku daga Masar, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Shi ɗin nan ne a 1941 aka naɗa shugaban rundunar sama ta hamadar Masar da Libiya, watau shi ne ya riƙa karɓar jiragen da suka yada zango a Kano. A zamanin nan na Sarki Abdullahi Bayero, yawancin wuraren da muke zaune yanzu a Tarauni da Gyadi-Gyadi gonaki ne da ƙauyuka a bayan ganuwa. Da muka ba yaran wannan labari, sai ɗayansu ya ce ashe jirgin namu ne. Daga ranar ba wanda ya sake makara.

Ma'auni shi ne tushen aiki

Abin da ya raba abin wasa da samfuri na gaskiya shi ne ma'auni. Ana ɗaukar tsawon kowane sashe na babban jirgi a raba da lamba guda, ba a canja ta har a gama. A ƙasashen waje an fi amfani da kashi ɗaya cikin 72 ko ɗaya cikin 48, kuma kamfanoni irin su Airfix na Ingila suna sayar da sassan roba a kwali, mutum ya haɗa ya yi fenti. Irin waɗannan ba kasafai ake samunsu a kasuwanninmu ba, in an samu ma da tsada. Amma kafin roba ta yawaita da icce ake yi. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta roƙi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da katako bisa ma'aunin ɗaya cikin 72, domin a koya wa sojoji rarrabe jirgin aboki da na abokin gaba. Ke nan abin da yara suka yi da hannunsu ya zama kayan koyarwa na manya, domin kawai an bi ma'auni.

Mu mun zaɓi ɗaya cikin 24, gama lissafinsa mai sauƙi ne: kowace ƙafa ɗaya ta zama rabin inci. Faɗin Hurricane daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 40 ne, namu ya zama inci 20. Tsawon jikin samfurin farko kusan ƙafa 31 da rabi ne, namu ya zama inci 15 da kashi uku cikin huɗu. Mutum mai tsawon ƙafa shida zai zama inci uku. Yaron da a makaranta yake gudun lissafin rabawa, shi ne ya zama mai riƙe da rula, yana gardama in an ƙara ko da faɗin bakin fensir.

Muka samo zanen jirgin a intanet, mai nuna shi ta gefe, ta sama da ta gaba, muka buga a wani shagon kwamfuta a Gyadi-Gyadi, ana ƙara girmansa har faɗin ya kai inci 20 daidai. Shawararmu ga mai son gwadawa ita ce ya sa rula a kan takardar kafin ya bar shagon, gama injin yakan ƙara ko ya rage. Katako kuwa daga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa muka samo, farin nan mai laushi da ake kira obece, ragowar guntaye da ba su da tsada. Sauran kaya su ne zarto, wuƙa mai kaifi, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, gam na katako, fensir da kwali.

Sassaƙa

Da gangar jiki aka fara. Dattijon ya ja layi a tsakiyar katakon ta kowace fuska, ya ce kada a bar layin nan ya ɓace, in wuƙa ta cinye shi a sake ja. Aka manna zanen gefe aka yanke, aka manna zanen sama aka yanke, sa'an nan aka shiga zagaye kusurwoyi da magagari. Domin kada ido ya ruɗe mu, muka yanka kwali bisa siffar jikin a wurare biyar, daga hanci zuwa jela, muna gwadawa muna ragewa. Hurricane yana da ɗan doro a bayan mazaunin matuƙi, wanda yake gangarawa zuwa jela. In aka rasa doron nan, an rasa jirgin.

Fiffike ne ya fi ba mu wuya. Ba shimfiɗaɗɗen allo ba ne. Gabansa mai kauri ne a zagaye, bayansa siriri, samansa kuma ya fi ƙasansa tudu, wannan siffa ce take sa iska ta ɗaga jirgi. Na Hurricane ya fi na Spitfire kauri, kuma bakinsa biyu sun ɗan ɗaga sama kaɗan. Fiffikenmu na farko ya lalace, domin wani yaro ya yi ta gogar gefe ɗaya har ya fi ɗayan sirantaka. Ya so a rufe da fenti. Dattijon ya ɗora fiffiken a kan bakin rula, gefe guda ya rinjaya, ya ce, "Yarona, fenti ba ya ɓoye ƙarya, tona ta yake yi." Aikin kwana uku ya tafi wuta, aka sake daga farko.

A nan ne muka ga cewa sassaƙa ƙaramin abu takan koya wa mutum yadda aka yi babban. Sydney Camm na kamfanin Hawker ne ya tsara jirgin, ya fara tashi a watan Nuwamba 1935, kuma an ƙera kusan 14,500. Rabin jikinsa na baya ba ƙarfe ne ya rufe shi ba: bututun ƙarfe ne a ciki, da siraran itatuwa a jere, aka lulluɓe da yadi aka shafa masa magani ya ɗaure kamar fatar ganga. Saboda haka harsashi yakan huda ya wuce, kuma gyaransa bai da wuya ko a daji. Domin mu nuna layukan itatuwan nan, muka manna zaren ɗinki a jere daga mazaunin matuƙi zuwa jela, wanda bayan fenti ya fito kamar haƙarƙari.

Kowane ƙaramin sashe sai da ya jawo tambaya. Akwatin da ke ƙarƙashin ciki lagireto ne, gama injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce mai silinda 12 da ruwa ake sanyaya shi. Bututun hayaƙi uku a kowane gefen hanci da bututun tsohon biro muka yi su. Ramuka huɗu a gaban kowane fiffike bakin bindigogi takwas ne. Tayoyin, waɗanda muka yanka daga tsohon silifa, suna naɗewa ne zuwa ciki, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce, abin da ya sa jirgin yake iya sauka a filin da ba kwalta. Akwai kuma wani kumburi a ƙarƙashin hanci, kamar haɓar tsoho. Wannan matacin iska ne da ake sa wa jiragen da za su yi aiki a ƙasashe masu ƙura, domin yashi yana cinye inji. Yaran Kano ba su bukaci dogon bayani a kan ƙura ba. Gilashin mazaunin matuƙi kuwa daga gorar ruwa ta roba muka samu: aka sassaƙa siffarsa da icce, aka gasa robar kaɗan, aka danna a kai. Wannan aikin babba ne ya yi shi, ba a bar wa yaro wuta ba.

Fenti da haƙuri

Mai gaggawa a nan yake faɗuwa. Katako yana shan fenti, kuma zanensa yakan fito, alhali jikin jirgi sumul yake. Sai da muka shafa gam da aka tsarma da ruwa, ya bushe, muka goge da samfefa mai laushi, har sau uku. Inda fiffike ya haɗu da jiki muka cike da garin katako da gam. Bayan haka aka yi shafen farko da fenti mai ruwan toka, wanda ya nuna mana kowane rami da kowane tabon wuƙa, kamar yadda dattijon ya faɗa.

Jiragen farko da suka zo daga Ingila suna da launin can, watau kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, daga baya ne aka koma ruwan ƙasa da ruwan yashi domin hamada. Mun zaɓi na farkon. Fentin mai da ake sayarwa a kasuwa yana ƙyalli, jirgin yaƙi kuwa ba a so ya yi ƙyalli don kada rana ta tona shi, saboda haka muka zuba hoda kaɗan a ciki ta kashe ƙyallin. Amma hutun a tsakiyar damina ya faɗo, laima ta hana fenti bushewa da wuri. Wata safiya muka iske an yi shafe na biyu a kan na farko tun bai bushe ba, duk bayan jirgin ya yamutse kamar fatar ƙadangare. Ba mu tambayi wanda ya yi ba, shi da kansa ya ɗauki samfefa ya zauna. Tun daga nan doka ta zama shafe siriri, a jira kwana biyu, a rufe da kwali saboda ƙura.

Tambarin rundunar saman Ingila da kamfas na akwatin lissafi muka zana shi a takarda, muka yi fenti, muka yanke muka manna. Na gefen jiki ja ne a tsakiya, sai fari, sai shuɗi, sai rawaya a waje. Na saman fiffike ja da shuɗi ne kaɗai, domin fari yana saurin ganuwa daga sama. Daga ƙarshe muka goga garin bakin fensir da yatsa a bayan bututun hayaƙi, ya bar baƙin tabo irin na jirgin da ya sha tafiya. Mako shida cif aikin ya ci.

Tambayar wata uwa

Ranar da aka rataye jirgin a rumfar, mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran ta zo gani. Ta yaba, sa'an nan ta ce, "Malam, duk abubuwan duniya ba ku ga na koya wa yara ba sai kayan kisa?" Tambayar tana da nauyi, musamman a garin da ya sha ganin tashin hankali, kuma ba mu so mu wuce ta da dariya.

Gaskiya ce, an ƙera Hurricane domin ya harbo mutane. Ba mu ɓoye wa yaran wannan ba. Mun gaya musu cewa cikin kowane jirgi akwai ɗan wani, yawanci saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma da yawa ba su koma gida ba. Mun gaya musu cewa yaƙin nan bai tsaya a sama ba, ya shigo gidajenmu. Dubban samarin Arewa sun tafi Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma tsakanin 1943 da 1945. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Filato, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Talakawa sun ba da kuɗin taimakon yaƙi, har aka sa wa wani rukunin jiragen Spitfire, mai lamba 91, sunan Nijeriya. Kuma a 1967, a farkon yaƙin basasa, a filin jirgin Kano ɗin nan aka sauke jiragen MiG daga Tarayyar Sobiyat, waɗanda aka yi amfani da su a cikin ƙasarmu. Yaron da ya san waɗannan abubuwa ba zai ɗauki yaƙi kamar fim ba. Wanda bai sani ba shi ne abin tsoro, gama ko mun hana shi katako, wayar hannu za ta nuna masa harbe-harbe ba tare da ta nuna masa kabari ba.

Uwar ba ta ce ta gamsu gaba ɗaya ba. Ta ce in za a sake, a yi jirgin ɗaukar fasinja. Mun karɓi shawarar, domin aikin da ma'aunin duk ɗaya ne.

Ga iyaye da malamai

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dogon hutu yana da haɗari ga yaron da ba shi da abin yi, kuma dukanmu mun san abin da ake sayarwa a wasu lunguna da abin da yake mayar da samari. Yaron da yake haɗa motar gwangwani ba ɓarna yake yi ba, baiwa ce take neman hanya. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsofaffin sassan mota. A Zariya kuma akwai kwalejin koyon aikin jiragen sama tun 1964, wadda take horar da matuƙa da injiniyoyi. Ba kowane yaro ne zai kai can ba, amma wanda ya iya karanta zane, ya iya raba 40 da 24, ya kuma iya watsar da aikin kwana uku domin bai yi daidai ba, zai ci abinci ko a kafinta, ko a walda, ko a gini, ko a ɗinki.

Saboda haka muna roƙon iyaye, sa'ad da kuka ga yaro da kara da reza, kada tsawa ta riga tambaya. Ku saya masa rula da fensir, ku nema masa zanen abin da yake so ya yi, ku haɗa shi da wani mai sana'a na kirki a unguwa, ku kuma ba shi labarin abin da yake ƙerawa. Malaman makaranta da shugabannin matasa za su iya yin haka da yara biyar ko shida ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Jirgin yana nan rataye da zare a rumfar dattijon, masu zuwa karɓar kujera da gado sukan tsaya su tambaya, yaran kuma su ne masu ba da amsa, tun daga Takoradi har Masar. Kwanan baya muka wuce ta lungun da muka fara haɗuwa da su, muka tarar da ƙanen ɗayansu ya tsuguna a gaban wata a-daidaita-sahu da aka ajiye, yana auna tayarta da igiya, yana rubutawa a bayan kwali.